Evert Savarel, Jikan Basaraken Faransa

Duk ƙauyen Harkelo babu wanda bai san Evert Savarel ba. Ba kuwa don wani abin kirki ba, don bakinsa. Shekara talatin da ɗaya ya yi a bayan kanta a gidan waya yana manna kan sarki, amma in ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse shi ne ya tokare teku da kafaɗa don kada ta cinye ƙasar Holan. Da ya yi ritaya sai bakin ya rasa wurin zuwa, ya dawo gida kacokan a kan matarsa Dinie.

Ita kuwa Dinie ba ta da hayaniya. In ya fara, sai ta ci gaba da feraye dankalinta, ta ce, "To." Wannan "to" ɗin ita ta riƙe auren har yau.

Fitinar ta faro ne wata Talata da safe, da takardar kwamitin gari ta shigo. Tsohuwar hanyar nan da ta ratsa tsakanin gidansu da gonar maƙwabcinsu Harm Oldekamp an zuba mata kwalta, za a sa mata sunan Abel Savarel, Bafaranshen da ya gudo daga ƙasarsu saboda addini shekara ɗari uku da suka wuce, ya share fadamar wurin ya kafa gona. Ranar bikin bazara, a gaban magajin gari da ɗan jarida, wanda ya fito daga tsatson Abel shi zai yaye ƙyallen da ke kan allon.

Evert ya karanta sau uku, na ukun a tsaye.

"Dinie! Sun farka! Yau dai garin nan ya san da wa yake zaune!"

"To."

"Tsatsonsa, in ji su. Wa ke nan? Wa ke amsa sunan Savarel a garin nan in ba ni ba?"

"Akwai Gwaggo Riek."

"Gwaggo Riek ko murfin kwalbar maganinta ba ta iya yayewa. Kuma bari ki ji, Abel ɗin nan basarake ne."

"A takardar aka rubuta?"

"Sai an rubuta? Talaka yana gudun hijira ne? Me za a ƙwace masa? Mutum ba ya barin Faransa sai in ya bar gidan sama mai taga ɗari a baya. Ni dama tun ina yaro nake jin wani abu a jinina."

"Likita ya ce hawan jini ne."

Bai ji ta ba. Ya riga ya tafi gaban madubi yana duba hancinsa ta gefe.

Gwaggo Riek ƙanwar ubansa ce, shekararta casa'in da ɗaya, tana zaune a ɗakin gefe inda tsofaffin gida ke zama, kullum a bakin taga da saƙa a cinya. Da labari ya kai mata sai ta sa Dinie ta kira shi.

"Evert, ka tambayi gonar?"

"Gona ake tambaya, Gwaggo?"

"A garin nan da, suna ai na gona ne, ba na mutum ba. Wanda ya shiga gida ya kama garma, ko da aure ko da aiki, sunan gidan yake ɗauka, nasa ya bar shi a bakin ƙofa. Kai ma ka sani. Kakana ya taɓa gaya mini cewa..."

"Wannan al'adar manoma ce, Gwaggo, masu warin taki. Basarake ba ya tuɓe sunansa a bakin ƙofa kamar takalmin katako. Kin sha maganinki?"

Tsohuwa ta dube shi ta saman tabarau, ta koma kan saƙarta. "Na sha," in ji ta. "Naka ne dai ba a kawo ba tukuna."

Kafin mako ya zagayo Evert ya zama Bafaranshe. Ya samo wata baƙar hula mai laushi ya kwantar da ita a gefen kai kamar kyanwa ta hau shi. Ya fara tara gashin baki, ya fito gefe ɗaya ya ƙi ɗaya. Ya hana a dafa dankali. Ya ce cin abinci da ƙarfe shida na masu tatsar shanu ne, manya sai tara. Ƙarfe bakwai na yi sai Dinie ta same shi a kicin ya ba ta baya yana cusa burodi da cuku.

Zaman shan kofi na ƙarfe goma da maƙwabta ke yi tare ranar Asabar ma ya so ya daina zuwa, sai ya tuna in bai je ba wa zai ji shi. Ya je. Yana shiga ya kama Harm Oldekamp ta kafaɗu, ya manna masa sumba a kunci, dama da hagu.

Harm mutum ne ƙato, mai shanu arba'in da magana kaɗan, da wasu kunnuwa maka-maka da suka buɗe kamar hannuwan tukunya. Ya tsaya ƙiƙam, ya goge kumatunsa da hularsa.

"Dinie, mijinki lafiya?"

"Haka muke gaisuwa a can," in ji Evert.

"A can ina? Ai tare muka yi makaranta. Kai ne ka faɗa ramin takin gidanmu kana shekara bakwai."

"Kai ba za ka gane ba, maƙwabci. Jini ne. Dubi hannuna, dubi naka. Dubi kunnena, sannan ka dubi waɗannan fika-fikan naka. In iska ta kaɗa da ƙarfi sai an nemo ka a Jamus."

"Da su nake jin shirme tun daga nesa," in ji Harm. "Tun kana bakin ƙofarku na ji ka taho."

Matan suka ƙunshe dariya a cikin kofuna. Dinie ta sunkuyar da kai tana tsintar ɓarɓashin biskit.

Sai batun dodon koɗi. Evert ya ji an ce manyan Faransa shi suke ci, ya gayyaci 'yan kwamiti huɗu liyafa ranar Lahadi bayan coci. Ranar Asabar da yayyafi ya ɗauki bokiti ya tsallaka gonar kabejin Harm, ya duƙa yana tsinta. Harm ya jingina da shinge yana kallo.

"Layin can na ƙarshe ma akwai, ranka ya daɗe. Shekara uku suna cinye mini kabeji. In ka gama ga ciyawa a bayan ɗakin shanu, ko ita ba ku ci a can?"

Evert ya kawo bokitin kicin, ya rufe da jarida, ya ce su kwana a nan su huce. Da gari ya waye Dinie ta buɗe ƙofa ta tsaya. Bango, labule, rufin ɗaki, agogon bango, hoton aurensu, ko'ina sun hau, kowanne ya ja farin layinsa a baya. Ɗaya yana zaune a kan man shanu.

"Evert, danginka sun tashi."

Da tsintsiya ya bi su. Waɗanda ya kamo ya zuba a tukunya yadda suke, da ƙasar cikinsu da komai. 'Yan kwamiti suka zo da rigunan coci, suka zauna. Na farko ya tauna, aka ji ƙaras-ƙaras har ƙarshen tebur. Na biyu ya ce ya tuna likita ya hana shi duk abin da ke tafiya da ciki. Evert, don kada a ce, ya haɗiye goma sha huɗu yana lumshe ido yana cewa, "Kai, ƙasar kakanni!" Kwana biyu bai yi nisa da banɗaki ba. Baƙin kuwa Dinie ta soya musu ƙwai.

Da ya miƙe sai ya ce abin da ya rage tambarin gida. Ya aika wa wani kamfani da ke talla a bayan mujalla, mako biyu sai ga takarda mai ruwan zinariya: zaki a tsaye da furanni uku, a ƙasa an rubuta Savarel. Ya ɗauka ya nufi shagon mahauci, don can ne matan gari ke taruwa da safe. Ya shimfiɗa ta a kan kanta.

"Ku kalla da kyau, kada a taɓa."

Mahauci ya goge hannu, ya leƙa, ya juya ya nuna bango da wuƙa. Ga zaki a tsaye da furanni uku a cikin gilashi, a ƙasa an rubuta sunan mahauci.

"Surukata ta sayo mini bara. Mai cire haƙori ma yana da shi. Ashe duk 'yan'uwa ne, zo in sumbace ka."

Evert ya nannaɗe takardarsa. "Ku naku kwaikwayo ne. Nawa sai ya cika ƙofa."

Ya sayo fenti, ya kafa tsani a babbar ƙofar ɗakin dabbobi da ke kallon sabuwar hanya, ya kwana uku yana zana zaki. Bai taɓa ganin zaki ba sai a kwalin ashana. Jan fentin ya ƙare ya ƙara da fari, ya koma ruwan hoda. Cikin ya yi tulu, ƙafafun suka gajarce, hancin ya baje. Harm ya tsayar da tarakta a hanya ya daɗe yana kallo.

"Kai, ya yi ƙiba. Na sayarwa ne?"

"Zaki ne, jahili!"

"To, zaki. Da me kake ciyar da shi, ɓawon dankali?"

Daga ranar masu wucewa a keke in sun zo daidai ƙofar sai su yi gurnani ta hanci. Evert ya ce hassada ce, kuma hassada ga mai rabo taki ce.

Ya zana bishiyar zuri'a a bayan takardar manna bango, ya shimfiɗa ta daga falo har kicin. Daga shi zuwa kakan kakansa komai ya tafi daidai. Daga nan zuwa Abel sai rami, kusan shekara ɗari babu kowa. Dinie ta nuna wurin da yatsan ƙafa.

"Nan fa?"

Ya zana babban ganye ya rufe wurin.

"Me zai hana ka je ka duba littafin coci? Ga shi nan bayan gidanmu."

"Littafin ƙauye? Ni daga tushe zan ɗauko."

Ya samo littafin lambobin waya na kudancin Faransa ta hannun tsoffin abokan aikinsa, ya rubuta wa duk wani Savarel da ya gani, wasiƙa arba'in da uku, da ƙamus a gefe. Mutum ɗaya ya amsa. Wata Madam Odile Savarel: ta ce ta san sunan Abel, ɗan'uwan kakan kakanninta ne, akwai ma tsohuwar wasiƙarsa a akwatin gidansu, kuma za ta zo bikin da ita.

Evert ya zagaye Harkelo da wannan takarda har ta yi laushi. Ranar farko Madam Odile mai gida ce. Ranar Alhamis ta zama mai gidan sama. Kafin Lahadi tana da dawaki, da gonar inabi da ba a ganin ƙarshenta, kuma ba mamaki ta zo da makullin rabonsa. Ya je wurin kwamiti ya sa aka ɗaga allon hanyar sama, sama sosai, wai don a riƙa hango sunan daga titin mota. Maƙwabta suka aiko cewa za su kawo dogon burodin zabibi a kan tsani, yadda ake yi wa duk gidan da ke da abin murna. Ya ce a gaya musu ya gode, amma baƙuwarsa ba ta saba da abincin da ake ɗauka kamar gawa ba.

Nan ne kawai Dinie ta ajiye wuƙar feraye.

"Evert, mutanen nan su suka ɗauki mahaifinka zuwa kabari. Su za su ɗauke ka."

"Ni a Faransa za a binne ni."

"To. Ka ga sai ka tafi da ƙafarka tun da wuri." Ta zagaya ta baya ta ce wa matar Harm su kawo burodinsu.

Ranar biki rana ta fito tas. An kafa rumfa a bakin hanya, an yi baka da ganye da furannin takarda, 'yan badujala suna gyara ƙahoninsu. Motar baƙuwa za ta iso ƙarfe biyu, magajin gari zai yi jawabi biyu da rabi.

Dinie tana ɗaura wa Gwaggo Riek ɗankwali sai ga Evert ya sauko daga bene. Ya aro kaya daga masu wasan kwaikwayon gari: shuɗiyar riga mai maɓallan tagulla da ta ƙi rufe cikinsa, wando iya gwiwa, farar hular gashi mai nannaɗe-nannaɗe har kafaɗa, da takobi a ƙugu.

Gwaggo Riek ta kalle shi sama da ƙasa. "Tunkiyar wa ta mutu a kanka?"

"Zan je tarbar 'yar'uwata."

"A keke?" in ji Dinie. "Cire takobin ka riƙe a hannu."

"Basarake ba ya rabuwa da takobinsa."

Ya hau, ya miƙe sabuwar kwalta, hannu ɗaya a kan keke, ɗaya yana ɗaga wa jama'a. Dinie tana tura Gwaggo a keken guragu a baya tana kallo. Daidai gaban rumfa, inda mutane suka fi cika, ya juyo don ɗan jarida ya same shi sosai. Takobin ya lilo ya shige cikin wayoyin ƙafar baya. Keken ya tsaya cak. Evert bai tsaya ba. Ya tashi ta saman kan keke, ya yi iyo kaɗan a iska, ya sauka tsulum a cikin magudanar ruwan da ke bin gefen gonar Harm, daidai inda ruwan ɗakin shanu ke gangarowa.

Mai babban ganga, don firgita, ya buga ɗaya: dum!

Harm ne ya miƙa masa ƙotar manjagara ya jawo shi. Hular gashin kuwa ta bi ruwa, agwagi biyu suna bin ta.

"Karo na biyu ke nan," in ji Harm. "Takin gidanmu yana son ka."

Ana cikin haka motar haya ta tsaya a bakin hanya. Evert ya tsame hular, ya matse, ya mayar kai, ya ruga yana ɗiga. Yana neman mace mai doguwar riga da lu'ulu'u. Wadda ta sauko gajeriyar tsohuwa ce, fuska ta sha rana, da takalmin roba da jakar leda, gashinta an aske gajere. Ga wasu kunnuwa maka-maka, a buɗe kamar hannuwan tukunya.

Dinie ta dubi kunnuwan. Ta juya ta dubi Harm. Ta sa hannu ta rufe bakinta.

Evert ya rusuna har ruwa ya zubo daga hular, ya fara jawabin Faransancin da ya yi wata guda yana haddacewa. Matar ta saurara da haƙuri, ta karkata kai, sannan ta ce da harshen Holan tsaf, "Bawan Allah, yi yarenku. Wannan da kake yi ban san na wace ƙasa ba ne."

"Kina... kina jin namu?"

"Shekara talatin ina da filin da baƙi ke kafa tanti a bakin kogi. Duk bazara mutanenku ne ke cika shi, su zo da dankalinsu tun daga gida, ko albasa ba su saya a wurinmu. Ni ke wanke musu banɗaki, ba dole in iya ba?"

Wani a baya ya ce, "Gidan sama mai taga ɗari!" Dariya ta fara tsiyaya.

Madam Odile ba ta kula ba, idonta ya riga ya wuce Evert. Ta ajiye jakar, ta ratsa mutane kai tsaye ta je gaban Harm, ta ɗaga kai tana kallonsa, hawaye ya cika mata ido.

"Wayyo, kamar babana ya dawo!" Ta kamo shi ta kunnuwan ta jawo ƙasa, ta manna masa sumba dama da hagu. "Kai ne ka rubuto mini?"

"Ni ne!" in ji Evert. "Ni ne Savarel! Wannan manomi ne kawai, Oldekamp!"

"Oldekamp?" Ta saki kunnuwan a hankali. Ta dubi wannan, ta dubi wancan. "Ah. To, malam, zo mu ɗan koma gefe. Akwai abin da ke cikin wasiƙar nan da ya kamata ka fara ji kai kaɗai."

Dinie ta matso ta ja hannun rigarsa. "Evert, bi ta gefen."

Ya fizge. "Babu gefe! Ba ni da sirri da jama'ata. Maganar kakana ce, kowa ya ji. A ba ta lasifika!"

Shi da kansa ya ja ta zuwa rumfa, shi ya karɓe abin magana daga hannun magajin gari, shi ya ce wa ɗan jarida ya matso. Matar ta ɗaga kafaɗa, ta ciro wata takarda da ta yi ja don tsufa daga cikin leda, ta sa tabarau, tana karantawa tana fassarawa.

"Zuwa ga ɗan'uwana. Ina nan da rai. Ƙasar nan ruwa ce sama da ƙasa. Idona ya mutu, na daina saƙar safa..."

"Safa?" in ji Evert.

"Safa. Masaƙa ne mu, kaka da kakanni." Ta ci gaba. "Ɗana ɗaya tilo, Elie, ya auri 'yar maƙwabcinmu ya tare a gonarsu. Ka ji abin mamaki: tun ranar da ya shiga gidan suka daina kiransa Savarel, sai Oldekamp, sunan gonar, har a littafin coci. 'Ya'yansa uku duk Oldekamp ne, kowanne da irin kunnuwanmu. Ni kuma gonata babu mai karɓa sai Jan, mai kiwon aladuna. Ba ya jin kalma ɗaya ta yarenmu, yana da yawan surutu, amma aladu suna son sa. An ce ranar da na mutu shi za a riƙa kira Savarel. Ɗan'uwa, mutanen nan kirki gare su, amma kansu ba daidai yake ba."

Ruwa ya ci gaba da ɗiga daga rigar Evert a kan katako.

Sai muryar Gwaggo Riek daga cikin kekenta, siririya amma ta kai ko'ina: "Jan mai aladu. Shi kakana ya gaya mini. Na ce ka tambayi gonar."

Kamar an haɗa baki, duk taron ya juya ya dubi ƙofar ɗakin dabbobin Evert, inda ƙaton abin nan ruwan hoda yake tsaye da furanninsa uku.

"Alade! Ashe tambarin daidai yake!" in ji mahauci.

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, ɓarin ciki ne. Mai busa ƙaho ya zauna a ƙasa. Magajin gari ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

"Ƙarya ce!" in ji Evert. "Takardar jabu ce! A duba littafin coci!"

"Yanzu ka tuna da shi?" in ji Dinie a hankali.

Limamin cocin yana nan a layin gaba. Ya ce ai littafin ba nisa, a ba shi minti goma. Evert ya ce a'a, a bar shi, kada a wahalar da dattijo.

Magajin gari ya share ido, ya ce takardar kwamiti dai tsatso ta ce, ba suna ba. Ko Malam Oldekamp zai taimaka?

"Ni?" in ji Harm. "Ƙarfe huɗu nake tatsa."

"Minti ɗaya ne, maƙwabci."

Harm ya taka da takalman katakonsa har gindin allon, ya miƙa hannu. Bai kai ba. Ya yi ɗage. Bai kai ba. Ai Evert ya sa an ɗaga shi don a hango daga titin mota. Aka shiga neman tsani, babu tsani a kusa sai wanda maƙwabta suka ɗauko burodin zabibi a kai. Aka sauke burodin a tebur, Madam Odile ta gutsura ta ce rabonta da abu mai daɗi haka tun Kirsimeti. Aka jingina tsani. Ƙasar wurin da laushi, yana rawa.

"A samu mai riƙewa," in ji Harm.

Babu wanda ya fi Evert kusa. Dinie ta ɗan tura shi ta baya da yatsa biyu. Ya kama tsanin, hular gashi ta zamo ta rufe masa ido ɗaya, Harm ya hau, ɓarɓashin busasshen taki yana zubo masa daga takalman.

"Riƙe da kyau, Evert," in ji Gwaggo Riek. "Kakanka ya riƙe wa kakansa, bai taɓa kayar da shi ba. Kyan ɗa ya gaji ubansa."

Ƙyalle ya faɗo, badujala ta tashi, ɗan jarida ya ɗauka. Hoton ya fito ranar Litinin: Harm a sama da kunnuwansa, Bafaranshiya tana tafi, a ƙasa kuma wani jiƙaƙƙen mutum da tunkiya a kai, an rubuta, "wani maƙwabci yana taimakawa."

Kwana uku Evert bai leƙa waje ba. Madam Odile ta sauka a gidan Harm, tana koya wa matarsa yadda ake dafa dodon koɗi na gaskiya. Dinie ta ce a ranta ko Allah ya kawo sauƙi ke nan. Ranar Alhamis ta ji motsin tsani, ta leƙa ta taga ta gan shi a ƙofar ɗakin dabbobi da gwangwanin fenti. Ta fita da kwanon dankali a hannu.

"Gogewa za ka yi?"

"Gogewa?" Ya juyo, yana nannaɗe wutsiyar abin da burushi. "Ke kin san ko wane ne Jan? Mutumin da ya shigo da sandar kiwo kawai, ya fita da gona da suna? Bafaranshe da wayonsa ya rasa wanda zai ba amana duk garin nan sai shi! Na tabbata babu makiyayin aladu irinsa daga nan har bakin teku. Ni dama tun ina yaro nake jin dabbobi suna saurarona. Bara waccan ba ki ga yadda..."

Harm yana wucewa a tarakta, ya rage gudu, ya ɗaga hula.

"Sannu da aiki, Jan!"

"Wuce, ɗan gudun hijira!" in ji Evert. "Mu ne 'yan ƙasa!"

Dinie ta zauna a bakin ƙofa, ta ɗauki wuƙa.

"To," in ji ta. "Abinci ƙarfe shida."